Lefen da Ya Zo da Ƙamshin Wani Gida

Sallama gare ku, 'ya'yana da jikokina masu bin wannan shafi. Kun saba da 'yan mata masu ba ku labari suna kuka a kan filo. Yau tsohuwa ce ta karɓi wayar, sai ku yi haƙuri da yatsuna. Sunana Uwani. A Sabon Garin Gusau nake zaune, na koyar da 'ya'yan mutane har gwamnati ta ce in koma gida in huta. Labarin lefen auren jikata Husna zan ba ku, kuma da izininta.

A gidan suna na fara jin maganar. Ina zaune a gefen tabarma ina fama da wainar da ta sha mai, sai Rukayya maƙwabciyarmu, wadda labari ba ya kwana a cikinta, ta matso ta dafa gwiwata.

"Hajiya Malama, ashe lefen naku ya taɓa kwana a wani gida?"

Na ce, "Wane gida?"

"Ni dai ji na yi. An ce wata ya fara kai wa a Tsafe, yarinya ta ce ta fasa, aka mayar masa da kayansa. Shi ne ya sauya akwatuna ya kawo muku. Amma don Allah kar ki ce ni na faɗa."

Na ce, "Ke wa ya faɗa miki?"

"Mutane."

Mutane. Na tsufa ina neman gidan wannan Mutane in gaishe shi, ban same shi ba. Na cinye wainata, na yi wa mai jego barka, na tafi gida. Sai dai maganar ta riga ni shiga ɗaki.

Bari in gaya muku waye saurayin. Shu'aibu sunansa, direba ne, motar haya gare shi tasa ta kansa, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Husna ta san shi lokacin da makarantar koyon jinya ta tura su aikin gwaji a Tsafe. Kullum ya ajiye mata kujerar gaba, kullum ya jira ta ko da mota ta cika, kuma kafin ya tayar sai ya karanta addu'ar tafiya da ƙarfi, fasinjoji su amsa da amin. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da siririn saje. Farar shadda ba ta rabuwa da jikinsa, kuma ban taɓa ganin ɗigon baƙin mai a hannun rigarsa ba, direba guda. Ga tabon sallah a goshi. Idan yana gaishe ka, idonsa a ƙasa har ya gama.

Baban Husna, ɗana na fari, ya mutu a kan son yaron. "Inna, a zamanin nan ina ake samun irin wannan? Yaro maraya, an ƙone ƙauyensu, danginsa sun watse, ya tashi da guminsa. Ko taba ba ya sha." Sa'adatu matarsa kuwa har ta fara kiransa "ɗana". Ni ma ba zan ɓoye muku ba, yana ba ni dariya. Ya shigo da ledar burodi da lemo, ya durƙusa daga nesa ya ce, "Ina amaryata? Ke na zo gani, waccan yarinyar rakiya ce." In ce, "Tafi can, ni na fi ƙarfin direba, matuƙin jirgi nake jira."

Amma na daɗe a gaban allo. Yaron da ya fi kowa sunkuyar da kai a aji, wani lokacin kunya ce, wani lokacin kuma amsar da ya rubuto a cinyarsa yake karantawa. Daga inda malami yake tsaye, duka biyun kama ɗaya gare su.

Ranar da aka kawo lefen, wasu mata biyu ne suka rako shi, maƙwabtan Shu'aibu na gidan haya, tunda ya ce ba shi da uwa ba shi da gwaggo. Akwatuna sababbi fil, ruwan toka, da ledarsu. Da ƙanwar Sa'adatu ta tambaya, "Wace mai idon ce ta zaɓo kayan nan?" sai suka ce, "Ango da kansa. A hankali ya riƙa tarawa." Gida ya ɗauki guɗa. Wata har da hawaye, wai namiji ya shiga kasuwa shi kaɗai yana zaɓar wa mace zani, wannan ai so ne ba wasa ba. Ni ranar ciwon gwiwa ya hana ni zama a ƙasa, daga kan kujera na sa albarka.

To bayan maganar Rukayya, na jira har aka yi azahar, gida ya yi tsit, na shiga ɗakin Sa'adatu inda aka jera kayan don masu zuwa gani. Na buɗe akwatin atamfofi, na sa hanci.

Ku 'yan mata, kun san ƙamshin sabuwar atamfa: sitaci, leda, da ɗan warin kanti. Wannan ba shi ba ne. Hayaƙin itace na ji, da turaren wuta irin na gida mai gajiji, wanda ya kama zare ya zauna. Na ware turmi ɗaya, sai wani abu ya zubo a cinyata. Busasshen ganye. Na murza shi a yatsa na shinshina. Ɗoɗɗoya. Na ware na biyu, ga shi. Na uku ma haka. Wani ya bi kayan nan ɗaya bayan ɗaya yana cusa ganye a tsakanin ninki don kar ƙwari su ci, kuma ɗan kasuwa ba ya haka. Can ƙasan akwatin na tarar da baƙin zanen saƙi, tsoho amma an adana shi, an kalmashe bakinsa da allura. Wane saurayi ne zai shiga kasuwar Gusau ya ce a ba shi tsohon saƙi? Wannan uwa ce ke ɗora wa ɗiyarta a kan kaya.

Sai takalma. Husna ƙafata ta ɗauko, Allah ya ba mu filin tsayuwa, lamba arba'in da ɗaya muke sawa. Takalman lefen kuwa kaf ɗinsu talatin da bakwai ne.

Ina riƙe da ɗaya Husna ta shigo, da doguwar rigarta ta shan iska da waya a hannu.

"Kaka, me kike yi? Ko zaɓar naki kike?"

"Kin gwada waɗannan?"

Ta yi dariya, ta zauna kusa da ni. "Ko babban yatsana bai shiga ba. Na ma gaya masa. Duba ki gani."

Ta miƙo min wayar. Ta rubuta masa: *Takalman nan fa sun ƙi ni, ko ɗaya.* Shi kuma ya amsa: *Afuwan gimbiya. Da ido na auna, kunya ta hana ni tambaya. A idona komai naki ƙarami ne mai kyau. Za a canza.* Ƙarƙashin wannan ta jera masa zukata jajaye har layi biyu.

Na ce, "Idon da ya daɗe yana kallon ƙafar nan tana hawa motarsa?"

"Kai, Kaka! Ke komai sai kin yi masa jan biro."

Ta kwantar da kanta a kafaɗata. Yarinyar nan ni na yaye ta. Na ji yadda zuciyarta take bugawa don mutumin nan.

Da yamma na sami iyayenta. Sa'adatu ta ɓata rai tun kafin in kai ƙarshe. "Inna, hassada ce kawai. Rukayya 'ya'yanta uku a gida ba mai sallama da su." Baban Husna ya sauke murya. "Inna, don girman Allah. An sa rana, an gaya wa dangi. Ko da gaskiya ne wata ta fasa, laifi ne? Kayansa ne aka mayar masa."

Na ce, "Ba laifi ba ne. Amma ya ce mana bai taɓa neman aure ba. In wata ta karɓi lefensa har uwarta ta sa masa ganye ta ɗora saƙi, sannan ta ce ta fasa, ina son in san me ta gani."

"Inna, ki bar maganar nan."

Na ce to. Kun san irin wannan to ɗin.

Da safe na yafa mayafina na ce zan je duba wata tsohuwar ɗalibata. Ban yi ƙarya ba. Na shiga motar wani direban daban. Ku da ba ku san hanyar ba, ana fita Gusau ana hira, ana cin gyaɗa, ana gardamar siyasa. Da duwatsun Kwatarkwashi sun fara bayyana, sai ka ji kowa ya yi shiru da kansa, ba wanda ya ce a yi. Gonaki ga su nan shimfiɗe, ciyawa ta cinye kunya, babu mai noma. Matar da ke kusa da ni ta cusa wayarta a cikin zani tana motsa baki. Haka muka isa Tsafe.

Halima tana sayar da abinci a tasha. Na koyar da ita a aji huɗu, ba ta iya raba lamba ba, amma ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Tana ganina ta saki ludayi.

"Malama! Ke da kanki bisa wagga hanya? Mi ya yi zafi?"

Ta share min benci, ta zubo shinkafa da wake har da ƙwai. Na bari ta gama murna, sannan na tambaye ta Shu'aibu direba, da yarinyar da aka ce ta mayar masa da lefe.

Ta kama haɓa. "Shu'aibu? Wallahi Malama ƙarya anka yi mai. Nan tasha ce hwa, ko kallon ɗiyar wani ya yi sai mun sani. Bai taɓa neman kowa ba garin ga. Bawan Allah da tun abin da ya same shi bara ko dariya bai cika yi ba."

"Ya ce mana an taɓa tare shi."

"Iyakar abin da ya ce ke nan? Allah sarki, bai son tunawa. Ai amarya ya ɗauko."

Na ajiye cokali.

Ta ba ni labarin tana zuba wa wasu abinci, irin yadda ake ba da labarin da kowa ya riga ya sani. Wata yarinya ce Safiya, daga wani ƙauye a bayan dutsen Kwatarkwashi, aka ɗaura mata aure da wani tela a Tsafe. Aka ɗauki shatar motar Shu'aibu don kai amarya, saboda kowa ya yarda da shi. Amarya da ƙawayenta biyu a ciki, akwatunan lefenta a but da saman mota. Kafin su hau kwalta mutanen daji suka fito. Aka tafi da 'yan matan, aka tafi da motar. Washegari Shu'aibu ya shigo tasha a ƙasa, ba hula, ƙafafunsa sun farfashe, yana kuka kamar yaro. Ya rantse a gaban kowa cewa da idonsa ya ga an shige daji da komai. Daga baya aka tsinci motar a bakin wani rafi, wayam.

"'Yan matan fa?"

"Ƙawayen sun dawo, bayan iyayensu sun sai da gonaki. Amarya ba ta dawo ba. Sun ce zazzaɓi ya kama ta da damina, ba magani. Nan suka baro ta." Ta goge hannu da zani. "Ƙauyen ma ya tashi. Uwar amaryar tana Bunguɗu wurin ƙanenta, Uwa sunanta. Malama, ba ki ci komai ba."

Na ce cikina ne. Na miƙa mata kuɗi, ta ƙi karɓa, na sa mata albarka.

A hanyar dawowa ban ji tsoron dutsen ba. Abin da ke cikin kaina ya fi shi girma. Na yi ta gaya wa kaina: Uwani, ganye ganye ne, kowace tsohuwar ƙauye tana sa shi. Ƙananan ƙafafu sun cika duniya. Kar ki rushe wa yarinya rayuwa saboda hancinki. Amma hancin nan bai daina jin hayaƙin ba.

Kashegari na tafi Bunguɗu. Na yi ta tambaya har aka nuna min wani gida a bayan gari, rabinsa ba rufi. A tsakar gida na tarar da wata mata tana surfen gero, na mutane ne, aikatau take yi. Gajeruwa, siririya, ba ta kai ni shekaru ba amma ta fi ni tsufa. Ƙafarta na fara kallo. Ƙarama, kamar ta yarinya.

Na yi sallama, na ce Uwa nake nema. Ta dube ni sama da ƙasa, da tabarau da jaka.

"In masu rubuta suna ne, an rubuta ni ya fi a ƙirga. Ban ga komi ba."

Na ce, "Ni ba gwamnati ba ce. Kaka ce, kamar yadda kika so ki zama."

Ta jingine taɓarya. Ta shimfiɗa min buhu na zauna. Na yi mata gaisuwar Safiya, ta amsa da "Allah shi ba da lada" ba tare da fuskarta ta motsa ba. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce, "Kina sa ɗoɗɗoya a cikin kaya?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Uwata ta koya man. Don gara da kyankyaso. Wa ya hwaɗa maki?"

Na ce ta ba ni labarin direban da ya ɗauko Safiya.

"Malam Shu'aibu? Ni da kaina na kai mai hura har Tsafe, sadda yana jinyar ƙahwa. Na ce shi yi haƙuri, ƙaddara ce, ba laihinai ba ne. Ya kama kuka, ni ce ma na ba shi baki." Ta tsince wata tsakuwa daga geron ta jefar. "Ɗaya cikin ƙawayen, da ta dawo, ta ce ba tare su anka yi ba. Ta ce shi ya tsaya da kanshi, wai zai zuba ma mota ruwa, sannan mutanen suka hito. Ta ce ko mari ba su yi mai ba. Da anka kora su gaba ta waiwaya, ta hange shi tsaye yana waya."

"Me aka yi a kai?"

"Mi za a yi? Anka ce daji ya taɓa mata kai. Mutum mai salla haka, kowa ya ga ƙahwahunai. Ubanta ma ya ce ta rufe baki kar ta jawo masu." Ta ɗaga ido. "Hajiya, mi ya kawo ki?"

Na gaya mata gaskiya daidai gwargwadon abin da na sani. Na ce an kawo wa jikata lefe, akwai abin da ban gane ba a cikinsa, kuma ban tabbata ba. Na ce, "Kin san lefe ba a hana mace gani. Duk wadda ta yi sallama, a buɗe mata. Ki zo ki gani kamar kowa. In ba ki san kayan ba, ki sa albarka, ki ci tuwo, in sa a dawo da ke, ki yafe min tayar miki da ciwo."

Ba ta tambaye ni waye angon ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani koɗaɗɗen mayafi.

Ranar Juma'a ce. Mun iso gida bayan an sauko daga masallaci. Sa'adatu ta sa an fito da akwatunan tsakar gida saboda wasu danginta da suka zo gani, ta ci ado da leshi ruwan goro, tana ta fara'a. Husna tana ɗakinta, kunyar baƙi ta hana ta fitowa. Na ce ga baƙuwa daga Bunguɗu ita ma ta zo sa albarka.

"Maraba, maraba! Matso kusa, Inna, ki gani da kyau."

Uwa ta zauna a bakin tabarma, ta naɗe ƙafafu, ta ɗora hannuwa a cinya. Aka buɗe akwatin farko: man shafawa, sabulai, turaruka, jakunkuna masu sheƙi. Ta kalla kamar mai kallon bango. Zuciyata ta ɗan sauka. Na ce a raina, Allah ka sa in ji kunya yau, Allah ka sa a yi min dariya har in mutu.

Aka buɗe na biyu. Sa'adatu ta ɗaga turmin farko tana juya shi a rana. "Kun ga wannan, ruwan zuma..."

Hancin Uwa ya buɗe. Ba ta miƙa hannu ba.

Ta ce, "Ƙarƙashin wanga akwai kore mai zanen hitila."

Sa'adatu ta yi murmushi, ta ɗaga. Kore, mai zanen fitila. "Lallai Inna kin san kaya."

"Ki ware shi. Wajen gehe ɓera ya taɓa. Na ɗinke da hwarin zare, baƙin ya ƙare man ran nan."

Murmushin bai gama barin fuskar Sa'adatu ba ta ware. Ganye ya zubo a kan leshinta. A can gefe, ga ɗinkin nan, ƙanana ƙanana, farin zare a kan kore. Matan da ke zaune suka daina taunar cingam.

"Sai shuɗi guda biyu iri ɗaya, dangin miji sunka yi kuskure sunka sayo iri guda, Safiya ta ce a bar su, ɗaya nata ɗaya nawa in ta haihu. Can ƙasa akwai saƙi. Da shi anka kai ni ɗaki."

Babu wanda ya taɓa akwatin. Ita ce ta miƙa hannu a karon farko, ba ga zannuwan ba. Takalmi ɗaya ta ɗauka, mai ruwan gwal da ɗan dunduniya, ta share ƙurar da babu a kansa da bakin mayafinta, ta ɗora a cinya. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mana sauƙi.

Sa'adatu ta juyo kaina. "Inna, wace ce wannan kika kawo mana? To ko da nata ne! Kayan da aka ƙwace ba a kasuwa suke ƙarewa ba? Waye bai san haka ba a garin nan? Zai iya saye bai sani ba!"

Na ce, "Na yi wannan tunanin, Sa'adatu. Har yanzu ina roƙon Allah ya sa haka ne."

Sai muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na manta Juma'a ce ranar zuwansa. Muryar baban Husna a zaure yana cewa, "Shiga mana, kai da gidanku," sannan sallamar nan mai taushi da duk muka sani.

Ya shigo da farar shadda, da hula zanna, ƙamshin turarensa ya riga shi. Leda a hannu, ido a ƙasa.

"Ina amaryata? Yau na zo da..."

"Malam Shu'aibu," in ji Uwa. "Ya ƙahwa? Ta warke?"

Ranar na fara ganin idonsa sosai. Ya ɗago. Ya kalli matar, ya kalli takalmin da ke cinyarta, ya kalli koren zanen da ke ware a tabarma, sannan ya kalle ni. Na jira ya ce mene ne wannan. Na jira ya ce wa ya sayar masa, a wace rumfa, ya yi salati, ya faɗi, ya yi kukan nan da ya iya. Mutumin da ya saya bai sani ba, abin da zai yi ke nan. Bai yi ko ɗaya ba. Fuskarsa ta zauna lafiya lau, kamar ta mai lissafin hanya.

Ya sunkuya ya ajiye ledar a hankali kusa da randa.

"Na bar mota a kan hanya. Bari in gyara ta."

Ya juya. Muka ji baban Husna yana cewa, "Lafiya? Shu'aibu? Shu'aibu!" Motar ta tashi. Wannan karon ba a karanta addu'ar tafiya ba.

Baban Husna ya shigo yana raba ido. Sa'adatu ta zame ta zauna a ƙasa, leshi da komai. Ɗaya daga cikin baƙin ta fara salati ƙasa ƙasa. Lemo ɗaya ya gangaro daga ledar ya tsaya a ƙafar Uwa, ba ta ko dube shi ba.

Sai ƙofar Husna ta buɗe. Ta ji muryarsa tun shigowarsa, ta tsaya gyara fuska. Ta sa jan baki, ta ja kwalli, kuma ta yafa wani mayafi ruwan hoda mai duwatsu a baki, wanda ta zaro daga lefen tun da safe don ta ɗauki hoto ta tura masa. Ta yi kyau, jama'a. Ban taɓa ganin ta yi kyau irin na ranar ba. Uwa ta ɗaga kai ta kafa wa mayafin ido.

"Ina yake? Ba shi na ji ba?" in ji Husna. Wayarta ta yi ƙara a hannunta. Ta duba, ta yi murmushi don ganin sunansa, sannan murmushin ya tsaya. Ta miƙo min.

*Ki gaida Kaka. Ki ce mata hanyar Tsafe ba ta tsofaffi ba ce.*

"Kaka, me yake nufi? Kin je Tsafe?" Ta kalli uwarta a ƙasa, ta kalli ubanta, ta kalli baƙuwar da ba ta sani ba riƙe da takalmin da ya ƙi shiga ƙafarta. Idonta ya kawo ruwa. "Maganar Rukayya ce ko? Na ji ana yi. Akwai wata a Tsafe? Kaka, in ma akwai, ni ban damu ba, wallahi ban damu ba. Ki gaya min kawai."

Na kama hannunta, na zaunar da ita a gabana yadda nake yi tana ƙarama.

Na ce, "Babu wata a Tsafe. Lefen na Safiya ne, ɗiyar matar nan. Shu'aibu ne ya ɗauko ta ranar da za a kai ta ɗakin miji, shi ya tsayar da motar. Ita ta mutu a daji, shi ya riƙe kayan. Mayafin da ke kafaɗarki nata ne."